Sanyi Amana Ne: Darasi Daga Masu Daskarar Da Gawa

'Yan'uwa ɗalibai, a 'yan kwanakin nan an yi ta muhawara a ɗakunan kwana da gindin itatuwa a kan labarin Turawan nan da ke biyan maƙudan kuɗi don a daskarar da gawarsu, wai da fatan wata rana likitoci za su tashe su. Wasu sun yi dariya har da hawaye, wasu kuwa sun yi ta'awizi sun kawar da kai. Mu a wannan mujalla ba mu ga laifin ko ɗaya daga cikinsu ba. Amma muna ganin bai kamata ɗalibin jami'a ya tsaya a nan ba, domin a cikin tarihin waɗannan mutane akwai darasi game da kuɗin bincike da kishi tsakanin masana. Wannan darasi ya shafi saniyar da ake korawa kasuwar Getso a ƙasar Gwarzo, ya shafi jaririn da ake goyawa zuwa rigakafi a Kabo, ya kuma shafi ɗakunan gwaje-gwajenmu na nan jami'a.

Tun da farko bari mu faɗi matsayinmu, don kada a yi mana mummunar fahimta. Mu mutane ne da suka yi imani cewa rai da mutuwa na Allah ne, haƙƙin mamaci a kanmu kuwa shi ne a yi masa wanka da sutura da salla, a kai shi makwancinsa ba tare da jinkiri ba. Ilmin kimiyya ma bai ba masu daskarar da gawa gaskiya ba, gama har yau ba a taɓa tashin ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda aka daskarar ba. Saboda haka ba tallan sana'arsu muke yi ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne yadda al'amarinsu ya gudana, da abin da ya sha kawo su ƙasa.

Wani malamin kimiyya na Jihar Mishigan ta Amurka, Robert Ettinger, shi ne ya yaɗa wannan ra'ayi da littafin da ya fitar a 1962, aka sake buga shi ga jama'a a 1964. Hujjarsa ita ce, idan aka tsoma jiki cikin ruwan naitirojin, wanda sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifiri, ruɓa za ta tsaya cik, jiki ya jira har ilmin likita ya ci gaba. A ranar 12 ga Janairu, 1967, aka daskarar da gawar wani tsohon malamin jami'a mai suna James Bedford a Kalifoniya. Shugaban ƙungiyar da ta yi wannan aiki, Robert Nelson, asalin sana'arsa gyaran talabijin ce. Daga nan ya ci gaba da karɓar gawawwaki bisa alkawarin cewa dangi za su riƙa biya a hankali, ya ajiye su a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa cikin maƙabartar Chatsworth.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Ruwan naitirojin ba ya zama wuri ɗaya, kullum tururi yake yi yana ƙarewa, tilas a riƙa ƙara shi. Hawayen dangi kuwa yakan bushe, aljihunsu ya gaji. Da kuɗi suka daina shigowa sai aka shiga cusa gawa fiye da ɗaya a tulu guda, tuluna suka lalace, sanyi ya yanke. A 1979 asiri ya tonu, aka tarar gawawwaki tara sun narke sun ruɓe, a 1981 kuma kotu ta ci Nelson tara mai nauyi. Cikin waɗanda aka daskarar a waɗancan shekaru na farko, Bedford kaɗai ya tsira daga narkewa, saboda iyalinsa sun karɓe gawar sun yi ta ɗawainiya da ita da kansu shekara da shekaru. Duk wanda ya karanta wannan labari zai ga cewa sayen tulu shi ne ɓangare mai sauƙi. Wahalar tana wurin cika shi mako bayan mako, bayan murna ta wuce, bayan wanda ya fara aikin ya gaji ko ya mutu.

Waɗanda suka biyo baya sun koyi hankali ta wannan fuska. Ƙungiyar Alcor, wadda aka kafa a 1972 ta koma Arizona a 1994, da cibiyar da Ettinger ya kafa a Mishigan a 1976, duk sun daina karɓar alkawari. Sai an tanadi kuɗin gaba ɗaya tun mutum yana da rai, galibi ta hanyar inshora. A shekarun 2010 Alcor tana karɓar dala 200,000 a kan jiki duka, dala 80,000 a kan kai kaɗai, cibiyar Mishigan kuwa dala 28,000. Bugu da ƙari, a 1997 Alcor ta ware wani asusu na dabam wanda ba a taɓa shi sai don kula da tulunan, ana juya uwar kuɗin, ana sayen naitirojin da ribar. Watau dai abin da mu muka daɗe da saninsa da sunan waƙafi, shi suka gano bayan sun sha wuya.

Amma maganin rashin kuɗi bai zama maganin kishi ba. Mutanen da duk duniya ba su fi 'yan dubbai ba, sun yi ta rarrabuwa kamar kishiyoyi a gida ɗaya. A 1993 wasu jiga-jigan Alcor suka ɓalle saboda rikicin shugabanci suka kafa CryoCare, kafin shekara goma ta cika kuwa sabuwar ƙungiyar ta daina aiki. A Rasha, kamfanin KrioRus da aka kafa a 2005 ya faɗa rikici tsakanin shugabanninsa biyu, tsohon miji da tsohuwar mata, har a 2021 aka loda tulunan gawawwaki a manyan motoci aka fita da su, sai da 'yan sanda suka tare hanya. Haka kuma tun a 1982 ƙungiyar masana ilmin adana halitta cikin sanyi ta sa doka ta hana masu daskarar da gawa shiga cikinta, don gudun kada sunansu ya shafi nata ya kore mata masu ba da kuɗin bincike. Kowane ɓangare yana tsaron tukunyarsa, abin da aka ba su amana kuwa shi ne ke cikin haɗari.

Yanzu sai mu raba tsaki da tsakuwa. Akwai ilmi na gaskiya a wannan fage, shi ne kuma ya shafe mu. Duk wanda ya taɓa barin tumatir ya daskare a firiji ya san yadda yake yin laushi ya zubar da ruwa idan ya narke. Dalili kuwa shi ne ruwan da ke cikinsa yakan zama ƙanƙara mai tsini ya farfasa ƙwayoyin halitta. A 1949, a Landan, Christopher Polge da Audrey Smith da Alan Parkes suka gano cewa gilisarin yana kare maniyyin zakara daga wannan ɓarna. Cikin 'yan shekaru aka samu maraƙi daga maniyyin bijimi da aka daskarar, a 1984 aka haifi yarinya a Ostiraliya daga ɗan tayin da aka daskarar, a 2023 kuma masana a Jami'ar Minesota suka adana ƙodar ɓera har kwana 100, suka ɗumama ta, suka dasa ta ta yi aiki. Daga ƙodar ɓera zuwa jikin mutum duka tafiya ce da babu wanda ya hango ƙarshenta. Amma daga maniyyin zakara zuwa garken shanu tafiya ce da aka gama tun kakanninmu suna samari.

Mu bi hanyar da ta wuce ta ƙofar sabon mazaunin Jami'ar Bayero ta nufi yamma, ta ratsa Rimin Gado, ta bi ta ƙasar Kabo ta isa Gwarzo. Ƙasa ce ta dawa da masara da gyaɗa da wake, ga madatsun ruwa irin su Guzuguzu da Magaga da Pada, ga Fulani da shanunsu, ga manoma masu turke bijimai don noma da kiwon salla. A Shika kusa da Zariya, cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana haɗa jinin Bunaji da na shanun Turai masu yawan nono, tana kuma adana maniyyin bijimai a cikin 'yan siraran tsinkayen roba da ake tsomawa a ruwan naitirojin. A Jihar Kano ma akwai cibiyar yi wa shanu baye ta wannan hanya a Kadawa. Bisa ƙa'ida, makiyayin da ke rugar bayan Garo ko Kutama yana iya samun maraƙin bijimin da bai taɓa gani ba, bijimin da ma wataƙila ya daɗe da mutuwa.

Sai dai tulun da ma'aikaci zai ɗauko zuwa ruga ɗan'uwan tulun Chatsworth ne. Naitirojin ɗinsa yana ƙarewa cikin 'yan makonni ko 'yan watanni gwargwadon girmansa, idan kuwa ya bushe sau ɗaya, to, duk abin da ke ciki ya mutu, ko da an sake cika shi washegari. Abin takaicin shi ne ido ba ya bambance tsinke mai rai da matacce. Makiyayi zai jira saniyarsa ta nemi baye, a zo a yi mata, ya ƙirga kwana 21 ya ga ta sake nema. A yi na biyu, haka. Daga nan zai koma wa bijimin maƙwabcinsa, ya kuma gaya wa dukan ruga cewa aikin 'yan boko yaudara ce. Asarar kuɗin naitirojin kaɗan ce idan aka gwada ta da wannan, domin amincewar talaka idan ta zube, shekara goma ba ta isa a kwashe ta.

Kada wani ya ce ƙiyasi muke yi. Dattawan ƙasar Gwarzo suna tune da bushiya. A nan birnin Kano ne a 1961 shugabannin ma'aikatun dabbobi na Afirka suka taru suka amince da gangamin yaƙi da wannan cuta, aka fara shi a 1962 a Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, ya bazu har ƙasashe 22. Allurar da aka yi amfani da ita tana da inganci, amma sai an riƙe ta cikin sanyi daga ɗakin da aka haɗa ta har wuyan saniya. Cutar ta ja da baya ƙwarai. A 1976 gangamin ya ƙare, masu ba da taimako daga waje suka naɗe tabarmarsu, aka bar wa ƙasashe aikin ci gaba da yi wa maruƙa allura, ƙasashe da yawa kuwa suka kasa. Cutar ta sake tasowa daga yamma da gabas, ta yi wa shanun Nijeriya mummunar ɓarna a 1983. Sai da aka sake sabon gangami a 1986, aka kuma samo allurar da ke jure zafi har tsawon wata guda, kafin a 2011 a shelanta cewa bushiya ta ƙare a duniya. Shekara 50 ke nan daga taron Kano, da yawa daga cikinsu kuwa ramuwa ce ta aikin da aka saki tun bai nuna ba.

Haka abin yake a ɗakin shan magani. Yawancin alluran rigakafin yara suna bukatar sanyi tsakanin digiri 2 da 8, wasunsu ma lalacewa suke yi idan sun daskare. Da aka shelanta a watan Agusta na 2020 cewa Nijeriya ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji, rabin yabon na waɗanda suka yi ta ɗaukar akwatin ƙanƙara a bayan babur ne zuwa ƙauyuka. Haka kuma a rumbun iri. Cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan tana riƙe da nau'in wake fiye da 15,000 cikin sanyi, ita ce mafi girman taska ta wake a duniya. A 2008 aka buɗe babban rumbun duniya a tsibirin Svalbard na ƙasar Nowe, inda ake ajiye kwafin iri a digiri 18 ƙasa da sifiri. Da yaƙi ya raba masana da rumbunsu na Halab a Siriya, a 2015 suka je can suka karɓo ajiyarsu suka sake kafa rumbu a Labanan da Maroko. Waɗannan rumbuna kuwa akwai asusu irin na waƙafi da ke tallafa musu, ba su dogara ga kasafin shekara ɗaya ba.

To mu fa? Tun a 1980, a Legas, shugabannin Afirka suka sa hannu a kan shirin da ya nemi kowace ƙasa ta kai ga kashe kashi 1 cikin 100 na arzikinta a kan kimiyya da fasaha. Nijeriya ba ta kai wannan mizani ba. Gwagwarmayar malamanmu ce ta haifar da asusun harajin ilmi a 1993, wanda ya zama TETFund a 2011, kowa kuwa yana ganin gine-ginen da ya yi a jami'o'i, ba ma raina su. Amma ɗabi'armu ta son abin da za a yanke masa ƙyalle tana nan. Gini yana da allo da sunan mai girma a jikinsa. Man janareta ba shi da allo, naitirojin ba shi da allo, albashin mai gyaran firiji ba shi da allo. Shi ya sa za ka shiga ɗakin gwaje-gwaje ka tarar da na'ura mai tsada an lulluɓe ta da leda, an rasa ɗan abin da zai sa ta motsa. Mun san ɗalibin ajin ƙarshe da ya shafe hutu yana tattara jinin awaki daga ƙauye zuwa ƙauye, ya dawo bayan wani dogon ɗaukewar wuta ya tarar firiji yana wari. Wannan ma Chatsworth ce, illa dai babu kotun da za ta zauna a kanta.

Kishin ma muna da namu. Sashe yakan kulle firijinsa mai aiki alhali na sashen da ke maƙwabtaka da shi ya mutu. Malami yakan ɓoye labarin tallafin bincike don kada abokin aikinsa ya nema. Ma'aikatar gwamnati tana kallon jami'a a matsayin masu surutu, jami'a tana kallon ma'aikata a matsayin masu cin kwangila, makiyayi yana tsakiya babu mai tambayarsa. Sabon shugaba yakan ƙi kula da aikin wanda ya gada, don kada yabo ya koma wa wancan. Wasu za su ce gasa ita ce gishirin ilmi, mun yarda, in dai gasa ce ta wa zai riga gano gaskiya. Amma abin da ake ajiyewa cikin sanyi ba ya jiran a sasanta. Mako ɗaya na gaba tsakanin manya biyu ya isa ya kashe aikin shekara ashirin. Wasu kuma za su ce ƙasar da ake fama da yunwa ba ta da halin wannan alatu. Amsarmu ita ce nono da wake da lafiyar yara ba alatu ba ne, mai ƙaramin ƙarfi kuwa shi ya fi kowa bukatar kada abin da ya saya ya lalace.

Saboda haka muna kira da abubuwa huɗu. Na farko, kada majalisar jami'a ko wata ma'aikata ta amince da sayen na'urar sanyi sai an rubuta a takarda ɗaya inda kuɗin wutarta da gyaranta za su fito har ƙarshen rayuwarta. Yayyenmu matasan ma'aikata da ke ofisoshin kasafi da tsare-tsare, ku ne ke rubuta daftarin farko kafin ya kai teburin manya, ku sa wannan layi, ku kuma kare shi idan an zo yanka.

Na biyu, a kafa waƙafi na sanyi. Attajiran Kano sun gina masallatai da makarantu da rijiyoyi, Allah ya saka musu. Muna roƙon malamanmu na addini su duba, su bayyana wa jama'a matsayin dukiyar da aka tsayar don ribarta ta riƙa kunna firijin rigakafi da hasken rana a Gwarzo, ko ta riƙa cika tulun naitirojin da zai zagaya rugagen Kabo. Tsofaffin ɗalibai 'yan waɗannan ƙananan hukumomi su ne ya kamata su fara ajiye tubalin farko, a kuma sa amintattu da za su riƙa karanta lissafi a bainar jama'a kowace shekara.

Na uku, kowace jami'a ta yi ɗakin sanyi guda na kowa da kowa, mai wutar da ba ta yankewa, da littafin da ake rubuta zafin kowane firiji safe da yamma, maɓallinsa kuma kada ya zama mallakar wani sashe ko wani farfesa. Duk abin da ba a iya maye gurbinsa a ajiye kwafinsa a wata cibiya, ko da kuwa kishiya ce.

Na huɗu namu ne, mu ɗalibai. Maimakon mu yi ta kwafar kundin waɗanda suka gabace mu, mu fita. A rumbunan tsofaffi a ƙasar Gwarzo da Kabo akwai irin dawa da gero da wake da suka gada, wanda sabon iri yake turewa a hankali. Mu je da ladabi, mu ce, “Baba, mene ne sunan wannan, yaushe ake shuka shi, me ya sa ba ka rabu da shi ba?” Mu rubuta, mu roƙi ɗan dunƙule, mu kai inda za a adana shi da sunan garin da ya fito. Kakanninmu ba su da naitirojin, amma ko a shekarar yunwa suna ƙoƙarin kada su taɓa damin iri, saboda sun san ba nasu ba ne su kaɗai.

Masu daskarar da gawa sun tara dukiya don tsaron abin da ba zai tashi ba sai ranar da Mai shi ya so, duk da haka sun gane cewa ajiya ba ta yiwuwa sai da asusu mai ɗorewa. Abin kunya ne a ce mu da ke riƙe da abin da zai tsiro, da abin da zai haihu, da abin da zai kare yaro daga gurgunta, mu kasa yi masa ko da irin wannan tanadi. Ƙungiyar ɗalibai za ta gabatar da waɗannan bukatu ga hukumar jami'a, shafin wasiƙu na wannan mujalla kuma a buɗe yake ga duk mai goyon baya ko mai suka. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.

Edita